Zango huɗu a makarantar da ba a riƙe bulala

Ranar wata Laraba ce cikin hunturu, Ummi ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci. Shinkafa da wake na zuba mata da mai da yaji, abin da ko barci take aka ce an sauke sai ta tashi, amma ta zauna ta zuba wa kwanon ido. Da na matsa mata sai ta ɗauki cokali da hagu. Na daka mata tsawa, na ce yaushe aka fara cin abinci da hagu a gidan nan? Sai ta buɗe min tafin hannunta na dama. Ya kumbura suntum, ga shatin bulala uku a jere, ɗaya ta sauka a kan gaɓar babban yatsa har ya ƙi lanƙwasuwa. Laifinta makara. Shekararta bakwai a lokacin. Kuma makarar nan ba ita ta yi ta ba, ni na yi ta, don ni na tsaya jiran ruwan wanka ya yi zafi a kan gawayi har mai Keke Napep ɗin da ke kai su ya gaji da hon ya yi tafiyarsa.

Washegari na saka hijabina na je. Malamin da ke tsaron ƙofa da safe bai ma musa ba. Ya ce, "Hajiya, doka ce. Duk wanda ya zo bayan an tashi daga asambuli uku ne, babba da yaro." Na ce to ga mai laifin nan ta kawo kanta, ni ce, a miƙo bulalar. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ƙarshen zangon nan muka kwashe yaranmu uku.

Inda muka mai da su shi ne abin da nake son in yi magana a kai, tunda yanzu sun yi zango huɗu cur, kuma mata da yawa a unguwarmu ta Hanwa da ke Zariya da gidajen biki suna tare ni da tambaya, wai da gaske ne akwai makarantar da ba a duka kuma yara na karatu? Makaranta ce mai zaman kanta a ɓangaren Samaru, boko da safe, Islamiyya da hadda bayan azahar. Ba zan kama sunanta ba, don akwai abin da zan yaba, akwai kuma wanda zan kushe, kuma gobe da safe can zan sake tura 'ya'yana.

Ranar da muka je yankar fom, kafin a yi zancen kuɗi, shugabar makarantar ta miƙo mana wata takarda mai shafi biyu, Hausa a gaba Turanci a baya. Dattijuwa ce, tsohuwar malamar gwamnati da ta yi ritaya, yara na ce mata Anti Babba. Takardar alkawari ce ta ɓangare biyu. Makaranta ta ɗauki alkawarin ba malamin da zai ɗaga wa yaro hannu, ba bulala, ba mari, ba ranƙwashi, ba tsallen kwaɗo, ba kamun kunne. Iyaye kuma sun ɗauki alkawarin duba littafin saƙo kullum su sa hannu, kuma duk ranar da aka kira su, uwa ko uba zai zo da ƙafarsa cikin kwana biyu, ba aike ba, ba waya ba. Abban su ya karanta har ƙasa, ya cire tabarau, ya ce, "Wato dai Hajiya, yaran kun yafe musu, mu za ku riƙa horarwa." Ta ce, "Alhaji, ka fahimci takardar fiye da yawancin waɗanda suka sa mata hannu."

Wadda ba ta ga abin dariya a ciki ba ita ce Hajiyarmu, mahaifiyarsa, da ke cikin birni wajen Kwarbai. Da muka je gaishe ta ranar Juma'a na ba ta labari cikin murna, sai ta ajiye carbi ta dube ni. Ta ce, "Ke 'yar nan, ku dai kun iya ɗauko wa kanku magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban su da kike gani da dorina ya tashi, ga shi nan ya zama mutum har kika gani kika aura." Ta ƙara da abin da duk wanda ya yi makarantar allo ya ji da kunnensa, wai duk inda bulalar malam ta taɓa wuta ba ta cin wurin. Ban ce komai ba, ina ni ina musu da suruka. Amma a raina ban gama yarda ba ta da gaskiya ba. Ni ma da bulalar na tashi. Na yi NCE a kwalejin ilimi ta tarayya ta nan Zariya, an karantar da mu halayyar yara, na ci jarabawar da kyau, na dawo gida na ci gaba da jibgar nawa da duk abin da hannuna ya kai gare shi.

Yadda suke yi kuwa ba wani sihiri a ciki. Kowane yaro na da ɗan littafi mai koren bango, shi ne littafin saƙo. Malamar aji na rubuta layi biyu ko uku kullum: ya yi aikin gida ko bai yi ba, ya yi faɗa, ya yi barci a aji, ya taimaki wani. Wanda ya dami aji da surutu, a ja masa kunne da baki, in ya ƙi a ɗauke shi daga cikin abokansa a dawo da shi kujerar da ke gefen teburin malama. In abin ya wuce nan, ranar ba zai fita tara ba, a aji zai ci abincinsa yana jiyo ihun 'yan ƙwallo ta taga. Wanda ya ɓata wuri shi zai gyara, wanda ya yaga littafin wani shi zai kwafe masa darasin da hannunsa. Makara kuwa, a firamare ba a tambayar yaro ko kaɗan. Sunansa ake rubutawa, in ta kai uku a mako a kira uwar. An kira ni sau biyu a zangon farko. Zama a benci a ƙofar ofis kina jiran a kira ki kamar 'yar aji uku, sauran iyaye na wucewa suna gaishe ki, ya ishe ki darasi. Tun daga nan da daddare nake haɗa gawayina in ajiye ashana a kusa.

Abin da ya sa wannan tsari ke tafiya, a ganina, yawan yaran aji ne. Ajin Ummi su 24 ne. A inda muka baro sun haura 60, uku uku a benci, malama ɗaya. Ina jin haushin abin da aka yi wa 'yata har gobe, amma in za a faɗi gaskiya, mace ɗaya a gaban yara 60 da zafin watan Afrilu, ba fanka, ba ta da lokacin tambayar kowa me ya sa ka yi. Bulala ita ce abu mafi araha a makaranta. Tsumagiya ce a karyo daga bishiyar darbejiya, a fyaɗa, a wuce wurin cikin daƙiƙa goma. Abin da waɗannan ke yi yana cin lokaci, lokacin malami kuwa kuɗi ne, kuma mu ke biya. Kuɗin zangonsu ya kusa ninka na tsohuwar makarantar, ban da kuɗin mota da na littattafai.

A kan Abba na fi ganin aikin tsarin. Shi ne babba, shekararsa 11, yana aji biyar, kuma tun yana ƙarami ya ƙware a abu ɗaya: in ya yi ɓarna kafin ka buɗe baki ya riga ya shirya wanda zai ɗora wa. A zango na biyu ya buga ƙwallo ta fasa gilashin tagar ofishin malamai. Da aka tambaya ya ce wani yaro ne ɗan ajinsu, mai sanyin hali, wanda ko kare kansa bai iya ba. Aka kira mahaifin yaron, bawan Allah ya baro shagonsa a Sabon Gari ya zo. Sai a nan yara biyu suka ce su fa sun gani, Abba ne.

Aka kira mu. Ina tafe a hanya ina tanadin irin dukan da zan yi masa in mun koma gida. Anti Babba ta zaunar da shi ta ba shi takarda da biro, ta ce ya rubuta abin da ya faru tun daga ɗaukar ƙwallo. Ya rubuta, ta karanta, ta ce akwai saura. Sau uku yana sakewa kafin ya rubuta da hannunsa cewa ya yi wa wane ƙarya don ya san ba zai iya musu ba. Sannan ta ce gilashi ƙaramin abu ne, ƙaryar ce babba. Tunda a gaban aji ya ɓata wa yaro suna, a gaban aji zai wanke shi. Zai kuma je ya durƙusa ya ba mahaifin yaron haƙuri kan shagon da ya rufe saboda shi. Abban su ya zaro kuɗi zai biya gilashin, ta ce a'a, Alhaji mayar da kuɗinka, ba kai ka fasa ba. Daga kuɗin kashewarsa za a riƙa cira kullum, shi zai riƙa kawowa ofis da kansa ana rubutawa har ya cika. Mako uku ya yi yana kallon 'yan uwansa na sayen awara da alawa.

A daren farko ya same ni a kicin, idonsa ya yi ja, ya ce, "Mama, don Allah ki ce musu su zane ni kawai a wuce wurin." Maganar nan ta daɗe tana yi min yawo a ka. Ashe shi bulala ciniki ce a wurinsa: ka yi ɓarna, ka miƙa hannu, ka biya, ka fita ba ka bin kowa ba a bin ka. Yaron da aka yi wa ƙarya bai taɓa shiga lissafin ba. Ba zan ce Abba ya zama waliyyi ba, har yanzu yakan gwada sa'arsa, amma yanzu in na ce wa ya shanye madarar Auta, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ka ga yana auna abin, sannan ya ce shi ne.

Ɓangaren hadda shi na fi jin tsoro tun farko, don ban taɓa ganin inda aka yi haddar Alƙur'ani ba dorina a gefen malam ba. Malaminsu matashi ne ɗan cikin birni, mai sanyin murya. Ranar wani taron iyaye na tare shi na ce, "Malam, Allah ya gafarta, ba hadisi ne ya ce a doke su ba?" Ya ce ƙwarai, hadisin na cikin Abu Dawud: a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, a doke su a kanta suna da goma, a raba musu wurin kwana. Sai ya ce in lissafa abin da ke tsakani. Shekara uku, salla biyar kullum, umarni sama da 5,000 ke nan da baki kafin a zo zancen hannu, kuma wannan a kan salla ce, ginshiƙin addini, ba a kan ɓatan fensir ba. Ya kawo min Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma bai taɓa ce masa ko tir ba, da maganar Nana A'isha cewa bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Ya ce ko malaman da suka halatta dukan ladabtarwa sun kafa masa iyaka, ba a taɓa fuska, ba a yi cikin fushi, ba a ji ciwo. Ya ambaci Ibnu Khaldun, da ya rubuta tun ƙarnoni da suka wuce cewa tsanantawa ga ɗalibi na koya masa ƙarya da yaudara, don zai riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba saboda tsoron hannu. Da ya faɗi haka Abba ne ya faɗo min a rai.

Sakamakon haddar sai in ce da sauƙi. Tafiyar ta fi ta da jinkiri, wannan ba a ɓoye yake ba. A can an ce mana Abba ya haddace izu huɗu. Da malamin nan ya gwada shi, biyu ne suka zauna, sauran yana farawa sai ya tsallaka wata sura. Ya mai da shi baya. Abban su bai ji daɗi ba, yana ganin 'ya'yan abokansa ana ta shirin walimar sauka. Yanzu a zango huɗu yana izu na biyar, kuma in ka tare shi a tsakiyar aya zai ɗora. Ummi kuwa da a da in an ce Islamiyya sai ciwon ciki ya tashi, yanzu ita ke ɗauko allonta tun ba a gama cin abincin rana ba. Wanda ke son a sauke masa yaro cikin shekara biyu ko ta halin ƙaƙa, nan ba wurinsa ba ne.

Akwai ranar da aka kira ni ba don laifin yaro ba. Wannan ban so faɗa ba, amma in na ɓoye shi sauran bayanin bai cika ba. Malamar su Auta, ɗan shekara biyar, ta ga shati biyu a bayan cinyarsa lokacin da take taimaka masa a banɗaki. Wayar caja ce. Ni ce. Ya zubar min da man gyaɗa kusan rabin kwalba, da magariba, an ɗauke wuta, tuwo na kan wuta, ga ɗinkin mutane ban gama ba. Na shiga ofis a fusace, na ce ɗana ne, ni na haife shi, takardar da na sa wa hannu ba ta ce ku bi ni har ɗakina ba. Anti Babba ta bar ni na gama. Ta ce, "Maman Abba, ba ƙararki aka kawo ba. Ni ma uwa ce, na haifi bakwai, kuma na yi abin da ya fi wannan. Tambaya ɗaya zan yi miki. Da da safe ya zubar da man nan, kin yi barci kin ƙoshi, da wayar za ki ɗauka?" Na yi shiru, don na san amsar. Da safe da tsaki kawai zan yi in ce ɗauko tsumma. Laifi ɗaya, hukunci biyu, bambancin kawai gajiyata. Na fito ina jin haushinta, na kwana biyu ina ji, kuma har yau ina ganin da ta iya kirana a waya a maimakon ta sa in zauna a bencin nan. Amma wayar caja ta koma aikinta na caji. Hannu kuwa, ba zan yi ƙarya ba, yakan kuɓuce min a kan ɗuwawu wani lokaci.

Da na ba ƙanena labarin, shi da ya karanta lauya a harabar jami'ar ABU da ke Kongo a nan Zariya, ya ce ai ba su da hurumin tilasta min, amma su ma ba a banza suke taka-tsantsan ba. Ya ce tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, a sashe na 55 ta bar wa uba da malamin makaranta damar ladabtar da yaro muddin bai kai ga mummunan rauni ba, shi ya sa malamin da ya kumbura hannun Ummi yake magana gabansa gaɗi. Amma tun daga nan an yi dokar kare haƙƙin yara ta tarayya a 2003, jihar Kaduna ma ta yi tata a 2018. Ya tuna min da abin da 'yan sanda suka bankaɗo a unguwar Rigasa ta Kaduna cikin Satumbar 2019, mutum sama da 300 a gida ɗaya, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabo, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu tarbiyya. Ya ce binciken da hukumar ƙidaya ta ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna kusan shida cikin kowane yara goma a Nijeriya na haɗuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18. Na ce to ni dai ban kai Rigasa ba. Ya ce, "Yaya, su ma ba da Rigasa suka fara ba." Ƙanin nan nawa bakinsa ba linzami.

To, yanzu ga inda makarantar ta ba ni kunya, kuma ba ƙaramar kunya ba.

Makarantar da ta rubuta a takarda cewa ba za ta hukunta yaro kan makarar uwarsa ba, ita ce take hukunta shi kan talaucin ubansa. Mako na uku na kowane zango akawu ke zagaya aji aji da takarda yana kiran sunayen waɗanda ba su gama biya ba. A fito da su da jakunkunansu, a zaunar da su a ɗakin karatu har a tashi, ba darasi. A zango na uku abin ya faɗo kanmu, albashin Abban su ya yi jinkiri, ni kuma masu ɗinki sun riƙe min kuɗi. Kwana biyu yarana uku suka yi a ɗakin nan. Ranar da aka kumbura wa Ummi hannu ta yi kuka ta share, da yamma tana wasan 'yar carafke da hagu. Wannan karon ba ta yi kuka ba. Ta zo ta tsaya a bayana ina kan keke, ta ce, "Mama, mu talakawa ne?" Wata ƙawarta ce ta faɗa mata, wai 'yan ɗakin karatu talakawa ne. Mako guda tana roƙona kar ta je.

Na tayar da maganar a taron iyaye da malamai, muryata na rawa. Na ce kun ajiye bulalar da ke taɓa fata kun ɗauki wadda ke taɓa zuciya. Mai makarantar, wanda ba kasafai ake ganinsa ba sai ranar irin wannan taro, ya ce su ma albashi suke biya, dizal suke saye, kuma in ba a yi haka ba wasu iyayen sai ƙarshen zango za a gan su. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, na san irinmu. Amma lambar wayar uban na hannunku, ku da kuka iya kiran mutum kan makara uku. A wannan zangon sun daina kiran suna a aji, sai dai a sa takarda a cikin littafin saƙo, amma in mako na biyar ya wuce ɗakin karatun na nan yana jira. Rabin gyara ke nan.

Sai baki. Takardar alkawari ta hana hannu, ba ta ce komai a kan harshe ba, kuma zagi ba ya barin shati balle wata malama ta gani a banɗaki. Malamai ba sa daɗewa, da alama albashin bai taka kara ya karya ba, da mutum ya samu aikin gwamnati ko gurbin ƙaro karatu a ABU sai ya tafi. Ajin Abba malamin lissafi uku suka yi a zango huɗu. Na tsakiyan, da ya ga an hana shi abin da ya saba, sai ya koma "daƙiƙi" da "kan kifi" da "ko jaki ya fi ka". Sai da iyaye uku muka kai kuka kafin a yi masa magana. Direban motar makaranta ma da alama ba a ba shi takardar ya karanta ba, ranƙwashinsa har Auta ya san shi, ga cusa yara kamar buhunan masara, ga zuwa a makare duk ranar da aka samu cunkoso a Kwangila. Mun cire su daga motar mun koma wa mai Keke Napep ɗinmu.

Abu na ƙarshe da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne dokar hana Hausa da safe. Ba a duka a kai kamar yadda aka yi mana muna yara, amma monita na rubuta suna, kuma wanda sunansa ya fito sau uku ba shi da tauraro a allon yabo na ranar Alhamis. A tsakiyar Zazzau, yaro ya ce wa ɗan uwansa "ara min abin gogewa" ya zama mai laifi. Auta ya dawo gida yana gyara wa kakarsa magana. Na faɗa wa Anti Babba, ta ce iyaye ne da kansu ke neman haka, in yaro bai dawo yana Turanci ba sai a ce makarantar ba ta da kyau. Na kasa musa mata, don na san da bakin wasu ƙawayena take magana.

Sauran abubuwa ba laifi. Akwai rijiyar burtsatse, banɗakuna a wanke, na mata daban, akwai mai kula da ƙanana. Filin wasa ƙarami ne ƙwarai, shi ya sa gilashi ke shan wahala. Karatun boko ya fi na da, musamman karanta rubutu, lissafi ne ke tangal-tangal saboda canjin malamai.

Masu tambayata ko su kawo nasu, nakan ce su fara duba kansu kafin aljihunsu. In maigida matafiyi ne, ke kuma fita na yi miki wuya, kiran nan na cikin kwana biyu zai zame muku masifa, kuma ba sa ɗaga ƙafa a kai. Na san gida biyu da suka cire 'ya'yansu saboda shi kaɗai, ɗaya uban cewa ya yi shi ya biya kuɗi ne don a ɗauke masa wahala, ba don a riƙa aiko masa da ita a koren littafi ba. Mu dai mun biya na zango na biyar, da ƙyar, a kashi biyu.

Ranar sallar da ta wuce muna gidan Hajiya bayan an dawo daga kallon hawa. Abba na guje-guje da 'yan uwansa ya yi ƙwallo da kwanon furarta, wadda ta dama da kanta ta ajiye a inuwa. Tsakar gida ta yi tsit, idon kowa ya koma kan dorinar da ke rataye a ƙusa a bakin ƙofarta tun kafin a auro ni. Abba ya ruga ya ɗauko tsumma da ruwa ya goge wurin tas, ya wanke kwanon, sannan ya zo ya durƙusa a gabanta ya zaro naira 500 daga cikin barka da sallarsa. Ya ce, "Hajiya, ni na zubar, ki yi haƙuri. Ga shi a sayo wata." Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Wannan kuma wane sabon salo ne?" Ta karɓi kuɗin ta ƙulle a bakin zaninta. Da za mu tafi na je yi mata sallama, ta ce, "Ke 'yar nan, furar ɗari bakwai ce, ki faɗa masa da saura. Dorinata kuma kar wanda ya sauke min ita daga ƙusa."